Ƙaramin mikroskof na kasuwar Dole da aikin tantance soson teku da ya zama dutse

Na'urar da zan yi bayani a kanta ƙaramin mikroskof ne mai igiyar USB, irin wanda masu gyaran salula suke duba siraran layukan cikin waya da shi, kuma yanzu ana samun sa a shagunan kayan lantarki da ke kewayen kasuwar Dole a nan Damagaram. Tsawonsa bai wuce santimita 12 ba, yana da ƙananan fitilu 8 kewaye da idonsa, da wani zobe da ake murzawa har hoto ya fito sarai, da ƴar ƙafa ta ƙarfe da ake ɗora shi a kai. Babu sunan kamfani a jikinsa, amma an rubuta wa kwalin da manyan haruffa cewa yana ƙara girman abu sau 1600. Mai shagon ya sa mini jika 20, muka daidaita a jika 15. Aiki guda na saye shi dominsa. Ina koyar da ilimin halittu da na ƙasa a wata makarantar sakandare, kuma a akwatin ajiyar ajinmu akwai duwatsu uku da aka daɗe ana nuna wa ɗalibai a matsayin soson teku na zamanin da, ɗaya daga cikinsu ma yana ɗauke da takarda mai cewa nau'i ne da ba a cika samun irinsa ba.

Dole ne in fara da dalilin da ya sa ido kaɗai ba ya wadatarwa a wannan aiki, domin in ba a fahimce shi ba, ba za a gane abin da ake nema daga na'urar ba. Soson teku dabba ce, ba shi da dangantaka da soson da ke yaɗo a kan darni. Ba shi da baki, ba shi da hanji, ba shi da jijiya; ruwa ne yake shiga ta dubban ƙananan kafofi a jikinsa, ya tace abincinsa, sannan ruwan ya fita ta babbar kafa. Wannan ne ya sa masanin dabbobi Robert Grant ya raɗa wa rukunin suna Porifera a 1836, wato masu kafofi. Matsalar ita ce siffarsa ta waje tana bin ƙarfin igiyar ruwa da irin wurin da ya manne, har nau'i guda ya fito a siffar kofi a wani wuri, ya fito dunƙule a wani, nau'o'in da ba su haɗa komai ba kuma su yi kama da juna. Abin da ba ya yaudara shi ne ƙashin jikinsa, wanda aka gina da ƙananan ƙayoyi. A wani rukuni ƙayoyin na sinadarin farar ƙasa ne. A wani na silika ne, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, masu rassa shida da suka tashi a miƙe daga tsakiya. A rukuni mafi girma kuma na silika ne masu siffofi iri-iri, wani lokaci haɗe da zare mai taushi irin na soson wanka. Tun a shekarun 1870 Karl von Zittel na Jamus ya nuna cewa da waɗannan ƙayoyi ake rarraba soson da ya zama dutse, George Hinde kuma ya bi wannan hanya a kundin da ya wallafa a 1883 kan tarin gidan tarihi na Ingila. Yawancin ƙayoyin da suke riƙe jiki ba su kai milimita guda ba. Saboda haka tambayar da zan yi wa na'urar ɗaya ce: shin tana nuna su yadda za a iya ƙirga rassansu?

Kafin in ɗora ta a kan dutse, na ɗora ta a kan rula, kuma ina ba duk wanda ya saya shawara ya fara da haka. Zoben yana da wurare biyu da hoto yake fitowa tar. A na farko, faɗin hoton gaba ɗaya yana ɗaukar kimanin milimita 7 na rular. A na biyu, kimanin milimita 2. Idan aka buɗe hoton a allon kwamfuta mai faɗin santimita 30, lissafin yana ba da ƙari kusan sau 40 a wuri na farko, sau 150 a na biyu, a fuskar waya kuwa bai kai haka ba. Adadin 1600 da ke kan kwali ba shi da tushe. Hoton da take ɗauka ɗigo 640 ne a faɗi, 480 a tsaye, ko da yake manhajar tana iya kumbura shi ta rubuta wani babban adadi ba tare da ta ƙara ko layi ɗaya da ba a gani da farko ba. Idan aka raba milimita 2 gida 640, kowane ɗigo yana wakiltar kusan mikron 3, mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A riƙe wannan adadi, domin shi ne iyakar na'urar, kuma za mu ci karo da shi a dutse na uku.

Dutse na farko bai ɗauki lokaci ba. Dunƙule ne ja mai duhu, mai ramuka ta ko'ina, an tsince shi a bayan gari. A ƙarƙashin na'urar babu tsari ko kaɗan: ramukan ba su da girma ɗaya, ba su nufi wuri ɗaya ba, tsakaninsu kuma ƙwayoyin yashi ne da tsatsar ƙarfe ta manne. Marmara ce. Wannan bai kamata ya ba kowa mamaki ba, tun da manyan duwatsun da suka yi wa unguwar Birni ƙawanya giranit ne, dutsen da ya daskare daga narkakken abu a can cikin ƙasa, kuma ba a samun ragowar halitta a cikinsa.

Na biyu ya fito ne daga Damargu, mahaifin wani ɗalibi ya kawo shi daga wajen Tanut, kusan kilomita 140 arewa da mu a kan hanyar Agadas. A can labarin ƙasa ya bambanta. Shekaru miliyan 90 zuwa 95 da suka wuce, a zamanin da masana ke kira Kretase, wani teku marar zurfi ya ratsa inda Sahara take a yau, ya haɗa tekun da ke arewa da Afirka a lokacin da mashigin Gini ta kwarin Binuwai, kuma ya bar shimfiɗun laka da dutsen farar ƙasa cike da ɓawon kawa, wata dabbar ruwa mai ɓawo, da amonit, wato naɗaɗɗun ɓawon wasu dabbobin teku da suka ƙare. Akwai ma jinsin amonit da aka sa wa sunan ƙasarmu, Nigericeras, tun 1943. Dutsen namu fari-fari ne mai lanƙwasa, fuskarsa cike da ƙananan huji zagayayyu. Na ɗiga masa ruwan kal, ya yi kumfa a hankali, alamar sinadarin farar ƙasa ke nan. A ƙaramin ƙari, na'urar ta nuna abin da ido ya tsallake: gefen dutsen hawa-hawa ne, shafi bisa shafi, yadda ɓawon kawa yake girma, kuma a inda ya ɓalle ana ganin hujin suna kaiwa ga ƙananan ɗakuna zagayayyu da siraran hanyoyi suka haɗa. Wannan ba jikin soso ba ne, ɓawon kawa ne da wani irin soso mai huda ɓawo ya zauna a ciki, ya narkar da shi da sinadari ya yi ɗakunansa. Masana suna kiran wannan sawu Entobia, kuma har yau dangin wannan soso suna ɓata wa masu kiwon kawa amfani a gaɓar tekuna. Sunan na ramin ne, ba na dabbar ba, saboda nau'o'i da dama suna iya barin rami iri ɗaya. A nan na'urar ta biya kuɗinta, don ta mai da dutsen da aka yi wa suna bisa kuskure abin koyarwa da ya fi na da amfani.

Na uku shi ne mai takarda. Wani tsohon malamin makarantar da ya yi karatu a Faransa ne ya bar shi, kuma takardar ta ce daga yankin Turen ya fito, kusa da birnin Tur, inda manoma suke tono soso da ya zama dutsen ƙanƙara a gonakinsu daga shimfiɗun ƙarshen zamanin Kretase, masu shekaru tsakanin miliyan 70 da 90. Tsawonsa santimita 9 ne, mai kumburi a sama, ya tsuke zuwa ƙasa inda karansa ya karye. An rubuta masa sunan jinsi Siphonia, da sunan nau'i, da kalmar da ke nufin ba a cika samu ba. Ruwan kal bai yi masa komai ba, ƙarfen wuƙa bai karce shi ba, shi ne ma ya karce kwalba, wanda ya tabbatar da cewa silika ne.

A busasshiyar fuskarsa na'urar ba ta nuna komai ba sai farin haske, saboda fitilun nan 8 suna haskawa kai tsaye daga sama, silika kuma tana mayar da hasken cikin idon na'urar. Wannan shi ne babban aibinta, kuma wanda bai san maganinsa ba zai mayar da ita kwali ya ce ba ta aiki. Maganin shi ne a kashe fitilun da ɗan maɓallin da ke jikin igiyar, a haska tocila daga gefe ƙasa-ƙasa yadda kowane tudu zai yi inuwa, sannan a shafa wa wurin ɗigon ruwa. Da na yi haka a kan karyayyen karan, sai saƙar ta bayyana: ƙayoyi masu launin tsatsa a cikin dutse mai haske, kowace da gajerun rassa masu kauri da suka tashi daga cibiya ɗaya, ƙarshen kowane reshe ya rarrabu ya yi ƙulle-ƙulle ya kama na maƙwabciyarsa kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe. A wurare da dama ana iya ƙirga rassa uku a fili, na huɗu kuma ya nutse cikin dutse, sai an murza zobe kaɗan yake fitowa. Wannan kaɗai ya kawar da rukunin masu rassa shida, waɗanda saƙarsu take fitowa murabba'i-murabba'i kamar yadda ake gani a jinsin Ventriculites, ya kuma kawar da murjani, wata dabbar teku mai gina ƙashin dutse, wanda ɗakunansa suke da bangaye da suka tashi daga tsakiya zuwa gefe. Abin da ke hannunmu soso ne na gaske, daga cikin masu ƙashi mai tauri da ƙayoyinsu suka sarƙe, kuma daga reshen masu rassa huɗu, inda Siphonia take. Launin tsatsar ma yana da dalili: silikar asali ta jikin dabbar takan narke bayan an binne ta, wani sinadari ya cike gurbinta, a nan kuwa na ƙarfe ne, shi ya sa saƙar ta bambanta da abin da ke kewaye da ita. Inda silika ce ta maye gurbin silika, launi ɗaya ake gani, kuma wannan na'ura ba za ta raba su ba.

Sai dai saman dutsen ya kawo wata magana. Siphonia tana da rami guda mai zurfi a tsakiyar kanta, inda hanyoyin ruwa suke zubowa. Namu ba shi da wannan rami. Kansa a baje yake, kuma da na goge ƙurar da burushin haƙori na duba a ƙaramin ƙari, sai na ga bakunan hanyoyi da yawa a cunkushe, kowanne bai wuce milimita biyu ba, duk sun miƙe zuwa ƙasa. Wannan siffar jinsin Jerea ce, ƴar uwar Siphonia da ake samu a wuri ɗaya da ita, mai ƙayoyi iri ɗaya da nata. Ke nan tun a sunan jinsi takardar ta fara rawa, kuma idan sunan jinsi ya faɗi, sunan nau'i da maganar ƙarancinsa sun bi shi.

A nan ne na'urar ta tsaya, kuma ina ganin wajibi ne a faɗi haka ƙarara domin kada wani ya saya da tsammanin abin da ba za ta ba shi ba. Raba nau'i da nau'i a cikin jinsi ɗaya yana bukatar a ga yadda hanyoyin ruwa suke tafiya a cikin jiki, wanda sai an yanka dutsen a tsaye da a kwance an goge. Yana bukatar a auna kaurin rassan ƙayoyi da yawa a ga ko santsi gare su ko ƙuraje. Yana bukatar a nemo ƙayoyin fata, waɗanda siffarsu ta bambanta da na ciki kuma su ne suka fi saurin zubewa bayan mutuwa. Akwai kuma wasu ƙayoyi ƙanana ƙwarai, masu tsawon mikron 10 zuwa 100, da masana suka fi dogara da su wajen rarraba soson da ke raye, waɗanda da wuya su tsira a cikin dutse. Ko da sun tsira, ƙaya mai mikron 20 ɗigo shida ko bakwai ce kawai a hoton wannan na'ura, tabo ne ba siffa ba. Aikin na ɗakin bincike ne, inda ake yanka dutse a manna shi a gilashi a goge har kaurinsa ya koma mikron 30 haske ya ratsa shi, ko a duba shi da mikroskof mai aiki da elektiron. Kuma ko a can ba kullum ake gamawa lafiya ba. A 2012 an bayyana wasu ƙananan halittu daga Namibiya da aka kira Otavia, aka ce soso ne mai shekaru miliyan 760. A 2021 Elizabeth Turner ta wallafa wata saƙa daga duwatsun arewa maso yammacin Kanada masu shekaru miliyan 890 ta ce ta yi kama da zaren soso. Har yanzu masana ba su yarda gaba ɗaya da ko ɗaya daga ciki ba, duk da kayan aikin da suke da shi. Wanda ya ɗora na'urar jika 15 a kan dutse ya fito da sunan nau'i marar yawa, zato yake yi.

Game da jikin na'urar, ƙafarta ita ce ta fi ba ni wahala. Mahaɗinta yana saki, kuma a babban ƙari ko numfashi mai ƙarfi yana girgiza hoto, balle taɓa maɓallin ɗaukar hoto da aka sa a jikin na'urar kanta, wanda bai kamata a yi amfani da shi ba sam. A ɗauka daga waya. Na ɗaure mahaɗin da robar tayar keke, na kuma zuba yashi a kwano ina dasa dutsen a ciki, ta haka nake juya shi yadda nake so ya zauna. Zurfin da take gani sarai a lokaci guda siriri ne ƙwarai, saboda haka a fuska mai tudu da kwari rabin hoton kullum a dushe yake, kuma wuri mai faɗi ko wanda aka goge da takardar yashi ta kafintoci ya fi ba da sakamako. Murfin idonta na roba ne marar kamawa, kuma da ƙurar hunturu irin tamu, duk ranar da aka bar ta a buɗe sai an ga baƙaƙen ɗigo da suke bin hoto duk inda aka juya, waɗanda mai sabon hannu zai ɗauka kafofin dutse ne. Hanyar gane su mai sauƙi ce: a motsa dutsen, abin da bai motsa ba ƙura ce. A cikin leda mai zif nake ajiye ta. Idan ta daɗe a kunne da rana tana yin ɗumi, hoton ya fara yin ƙyalli-ƙyalli, shi ya sa da safe ta fi kyau.

Abin da na yaba mata shi ne ba ta jiran wutar gari. Da ɗan mahaɗin OTG, wanda yake haɗa igiyar USB da waya, tana aiki daga wayar Android, ko da yake tana shan batir da sauri, kuma a kwamfuta ana gane ta a matsayin kyamara ba tare da an saka komai ba. Manhajar da kwalin ya nuna a sauke cike take da talla, tana kuma neman izinin shiga lambobin waya, abin da ba shi da alaƙa da aikinta. Kowace manhajar kyamarar USB ta gama-gari tana yin aikin.

Idan aka gwada ta da madubin hannu mai ƙari sau 10 da masana ƙasa suke ratayawa a wuya, madubin ya fi ta tsabtar gani da sauƙin ɗauka a daji, kuma shi zan zaɓa in da tafiya Tanut ce. Amma madubi mutum ɗaya ne yake leƙawa, kuma malami ba shi da tabbacin cewa ɗalibi ya ga abin da ake nufi. Da wannan na'ura aji guda yana kallon ƙaya ɗaya a allo, a ƙirga rassanta tare, a yi gardama a kanta. Tana kuma ba da hoto da za a iya aika wa masani, wanda ya fi a loda hoton dutse ga manhajojin nan masu cewa suna gane duwatsu, domin su siffar waje suke dubawa, ita kuwa mun riga mun ga ba abin dogaro ba ce. Wanda zai aika wa sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Abdou Moumouni ko gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, ya haɗa da hoton dutsen gaba ɗaya ta sama da ta gefe da rula a kusa, da hotunan na'urar tare da faɗin da kowanne ya ɗauka, da sakamakon ruwan kal, da ainihin wurin da aka tsince shi da irin shimfiɗar da ya fito. Dutsen da ba a san inda ya fito ba ya rasa rabin amfaninsa, tun da shekarunsa daga shimfiɗarsa ake sanin su. A kuma tuna cewa Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, don haka hoto ake aikawa waje, dutsen kansa ba ya ƙetare iyaka sai da izinin hukuma.

Mai shagon bai ɓoye mini komai ba. Da na gaya masa abin da zan yi da ita, sai ya ce, "Malam, mu dai masu gyaran waya muke sayar wa, ban taɓa jin wanda ya duba dutse da ita ba, amma gwada ka gani kafin ka biya." Babu garanti, kuma ba a mayar da kaya bayan an fita, saboda haka gwajin cikin shago shi ne kariyar mai saye. A je da wayar da za a yi aiki da ita, domin ba kowace ce take karɓar OTG ba. A ɗora na'urar a kan farar takarda a duba ko akwai ɗigon da ba ya motsi, a murza zoben daga farko zuwa ƙarshe a tabbata ba ya cijewa kuma wuraren nan biyu duk suna fitowa sarai, a kuma gwada maɓallin fitila a ga yana rage haske a hankali har ya mutu, don akwai irin da fitilunsu ba sa kashewa gaba ɗaya, kuma waɗannan ba su da amfani a kan dutsen silika.